Beben da ake nunawa a finafinanmu ba shi ne wanda ke gidana ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka tare da ma'aikatanka, Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka. Ni tela ne mazaunin Jidda. A nan aka haife ni, iyayena Zazzagawa ne da suka zo sauke farali suka zauna. Na rubuto ne in roƙi arziki wurin 'yan'uwanmu masu shirya finafinan Hausa da masu barkwanci a intanet: don Allah a daina ɗauko mai ji da magana a ce ya yi bebe don a yi dariya. A nemo kurame na gaskiya a ba su wasa, a biya su. Ina faɗar haka ne domin ɗana na biyu kurma ne, kuma ɗan wasan kwaikwayo ne.

Sanƙarau ne ya tafi da jinsa tun bakinsa bai gama buɗewa ba. Yanzu saurayi ne, yana taya ni yanka da guga a shago.

Wanda ke gida Najeriya ba lallai ya san matsayin fim ɗin Hausa a wurinmu ba. Daga Karantina da Sabil a nan Jidda har Shara Mansur a Makka, da shi ake hirar dare, kuma da shi yaran da aka haifa a nan suke riƙe Hausarsu. Shi ya sa abin da aka nuna a ciki yake shiga gidajenmu kai tsaye. Wani dare muna kallo aka fito da bebe. Kowa ya san yadda ake yinsa: mutum yana gurnani, yana wurga hannuwa barkatai, a aike shi gishiri ya dawo da sabulu, a bi shi da duka. Ƙannensa suna ta dariya. Yaron nan ya ƙura wa hannuwan ɗan wasan ido, domin shi a wurinsa hannu magana yake yi. Can ya taɓa gwiwata ya tambaye ni da hannu, "Baba, me yake cewa?" Na ce masa ba ya cewa komai. Ya sake duban allon, ya dubi ƙannensa, ya ce, "Haka kuke ganina?" Ya tashi ya shige ɗaki. Tun daga ranar idan aka sa fim ɗin Hausa ba ya zama.

Abin da masu wannan wasa ba su lura da shi ba, maganar kurame harshe ce cikakkiya, mai ƙa'ida, ana faɗa da ita, ana zawarci da ita, ana wa'azi da ita. Kuma ba guda ɗaya ba ce a duniya. Ɗana ya koyi ta Saudiyya a makarantar kurame, irin makarantun da ake kira Amal, waɗanda aka fara buɗewa a Riyad a 1964. Huɗubar Juma'a ta Harami ma ana fassara wa kurame ita da hannu. A makarantun Najeriya kuwa wadda ake koyarwa tushenta na Amurka ne, ta biyo hannun Andrew Foster, wani kurma baƙar fatar Amurka da ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Mu Hausawa muna da tamu ta gado, maganar hannu, wadda kuramen Kano suke yi tun kafin a san makarantar boko. Har wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da su ta yi nazarinta ta fitar da littafi a 2000. Mutum daga Turai ya ga abin ya isa a yi masa littafi, mu da muke da shi mun mayar da shi wurge-wurgen hannu.

Wata shekara wani alhaji kurma daga Kano, dattijo, ya sauka wurin maƙwabcinmu kafin jirginsu ya tashi. Aka kira ɗana ya gaishe shi. Da farko kowa yana tasa, ba su gane juna. Kafin a gama shan shayi sun sami hanya, kafin sallar isha'i kuwa dattijon yana ba shi labarin hawan daushe: ya zama doki, ya zama mahayi, ya zama ɗan bindiga, ya zama yaron da ya firgita ya ɓuya bayan uwarsa, duk yana zaune a kan tabarma bai motsa daga inda yake ba. Mu masu kunne da muke gefe ba wanda ya buƙaci tafinta. Na ga 'yan wasa da yawa a allo, kaɗan ne suka kai tsohon nan iya sarrafa fuska.

Ɗana da wasan mizmar ya fara. Wasan sanda ne na mutanen Hijaz, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016, kuma samarin unguwanninmu ba a bar su a baya ba a cikinsa. Maza ne suke yin da'ira, ana kiɗa ana tafi, mutum biyu su fito tsakiya suna juya sanda. Mutane suna mamakin yadda kurma yake bin kiɗa. Shi kuwa kusa da masu ganga yake tsayawa, ya cire takalmi, yana jin dukan a ƙirjinsa da tafin ƙafarsa, idonsa a kan hannun makaɗin. Idan ya shiga fage ba ya kuskure taku. Ban shigo gardamar malamai a kan kiɗa ba, kowa ya bi abin da ya gamsu da shi. Wasan da ya fi mayar da hankali a kai yanzu ma babu kiɗa a cikinsa ko kaɗan.

Shi da abokansa kurame, akwai Hausawa, akwai 'yan Yaman, akwai 'yan ƙasa, suna haɗa kuɗi su kama istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, a makon ƙarshe na Afrilu, lokacin da ƙasashen Larabawa suke makon kurame, su gayyaci iyaye. Idan za a fara ba a buga ƙararrawa, fitila ake kashewa a kunna. Wasan da ba zan manta ba na asibiti ne. Kujeru ne kawai a jere. Ɗana ya fito a matsayin wanda ya kawo mahaifiyarsa ba lafiya, ya zaunar da ita, ya gyara mata mayafi, ya zauna yana jira a kira suna. Da baki ake kiran sunan. Sai ka ga idonsa yana bin leɓen ma'aikacin daga nesa. Duk wanda ya miƙe, shi ma sai ya ɗaga rabin jikinsa, ya duba, ya koma. Aka kira su har sau uku, mu masu kallo mun gane, shi bai sani ba. Kujerun suka yi ta raguwa da mutane har ya rage daga shi sai tsohuwar, kanta ya kwanta a kafaɗarsa. Da ya je wurin ma'aikacin yana nuni, sai aka nuna masa agogo, aka rufe taga. Ba a furta kalma ɗaya ba a wasan nan. Mahaifiyarsa ta gaske tana gefen mata tana kuka, domin abin ya taɓa faruwa da su. Da aka gama, kuramen suka ɗaga hannuwa sama suna kaɗawa, wanda shi ne tafinsu, mu ma muka bi su.

Suna da na ban dariya ma, kuma dariyar har da hawaye: layin sayen burodin tamis da asuba, direban tasi da fasinja mai ciniki. Ba su ƙi a yi dariya ba. Su ne suke ba da ita, ba da su ake yi ba.

Akwai wani amfani da wasan nan yake yi wanda ya fi taɓa ni. A cikinmu akwai gidajen da ba su da igama, wato takardar izinin zama, yaransu ba sa samun shiga makaranta. Mai ji ko bai yi makaranta ba zai tashi da harshe. Kurma kuwa idan bai haɗu da 'yan'uwansa kurame ba, sai ya girma ba shi da abin da ya wuce nunin ci da sha da barci. Na san yarinyar da ta kai shekara goma ba ta san tana da suna ba. Irin waɗannan yara su ɗana suke jawowa wurin gwajin wasa daren Juma'a. A ba yaro rawar mai sayar da ruwa, a kan haka zai koyi alamar ruwa, da kuɗi, da canji, da godiya. Wata uwa ta tare ni a bakin shago ta ce, "Malam, ka yi wa ɗanka godiya, jiya yarona ya ba ni labarin mafarkin da ya yi."

Batun makafi kuma ciwonsa daban ne. Duk Bahaushen da ke zaune a ƙasar nan ya san abin da ake gani a hanyoyin Harami cikin azumi da lokacin Hajji: makafi da guragu, har da ƙananan yara, an kwaso su an baza suna miƙa hannu, wani can a gefe yana karɓe abin da suka samu. Da wannan hoton mutane da yawa suka san naƙasasshenmu. Alhali ni da waƙar makaho aka rene ni. Mahaifiyata tana tuƙa tuwo tana rera baitocin Imfiraji na Malam Aliyu Namangi, mutumin ƙasarsu, wanda ya rasa idonsa tun yana ƙarami, ya yi karatu mai zurfi, ya tsara waƙoƙin da har yau ake nazarinsu, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Kuma makafi ne suka haddace waƙoƙin nan masu tsawo suka kai su ƙofa-ƙofa, ɗaya yana bayarwa ɗaya yana amshi. Mutanen da suka riƙe mana wannan dukiya a ƙirjinsu, ladansu a wurinmu ragowar tuwo ne. Ba mu taɓa shimfiɗa musu tabarma muka ce yau taronku ne ba.

Wasu sun yi. Amadou da matarsa Mariam na Mali a makarantar makafi ta Bamako suka haɗu, suka zaga duniya da waƙa, har bikin rufe wasannin naƙasassu na Paris a 2024 sun yi wasa, kafin rasuwar mijin a 2025. A Alƙahira ƙungiyar Nur wal Amal tana da tawagar makaɗa mata zalla, dukansu makafi, kowace da haddar nata kason take kiɗa. Ba baiwa suka fi namu ba. Makaranta suka samu, da wanda ya tsaya musu.

Na san abin da furodusa zai ce: aiki da kurma wahala, ga kuɗin tafinta, ga ɓata lokaci. A Amurka ma an faɗi haka, amma Marlee Matlin, kurma, ta ci lambar yabon fim ta Oscar a 1987, Troy Kotsur, shi ma kurma, ya ci a 2022. Kuma neman su a Kano ba wuya. Ga makarantar kurame ta Tudun Maliki, ga ƙungiyoyinsu, ga sarakunansu na gargajiya, sarkin makafi da sarkin bebaye, waɗanda suka san kowa nasu. Tafinta ɗaya a wurin ɗaukar fim bai kai kuɗin kayan da jaruma take sauyawa a waƙa guda ba. Kada kuma rawar ta tsaya ga abin tausayi. A ba kurma rawar tela, ko miji mai kishi, ko ɗan kasuwa mai wayo, domin haka suke a cikinmu. Wanda yake ganin izgilin nan ba komai ba ne ya koma aya ta 11 a Suratul Hujurat, ya kuma tuna a kan wa aka saukar da farkon Suratu Abasa. Abdullahi bin Ummi Maktum makaho ne, ladanin Manzon Allah (SAW) ne, kuma an sha barin Madina a hannunsa idan za a fita yaƙi.

Sai rubutun da ake sawa a ƙasan allo. Tun da aka sake buɗe gidajen sinima a ƙasar nan a 2018, ɗana yana zuwa da abokansa, yana bin fim ɗin Indiya da na Amurka tsaf saboda an rubuta maganar da Larabci. Fim ɗin iyayensa ne kaɗai ba ya ganewa, domin in ma an yi rubutun, da Turanci ake yi. A riƙa sa na Hausa saboda kuramen gida da suka yi makaranta. A sa na Larabci kuma, tunda Hausawan Saudiyya da na Sudan, su Mai Wurno da Gadarif da Kasala, da Larabci 'ya'yansu suke karatu, masu ji da kurame baki ɗaya. A YouTube ana iya jera rubutun harsuna da yawa a fim ɗaya, mai kallo ya zaɓa, kuma a nan Jidda akwai samari masu Hausa da Larabci da za su yi wannan aiki da murna idan an neme su.

Kai kuma Malam Edita, roƙona gare ka ka tura wakilinka wurin kuramen Kano da makafin Zariya, ya tafi da tafinta, ya tambaye su abin da suke tsarawa da abin da suke rerawa, a buga da sunayensu da hotunansu a shafin nishaɗi inda ake sa sauran 'yan wasa. Idan an buga, zan fassara wa ɗana da abokansa, domin sun daɗe suna tambayata ko a Kano akwai kurame masu wasa irin nasu.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku,
wani tela daga Jidda, Saudiyya.