Godiya ga Ma'aikatan NASA Spacelink na Huntsville

Zuwa ga ma'aikatan sashen ilimi na Cibiyar Marshall ta NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, Huntsville, jihar Alabama.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Bayan haka, na rubuto ne in gode muku a bainar jama'a kan Spacelink, layin da kuka buɗe a 1988 domin malamai da duk mai sha'awar sararin samaniya. An jima da yin abin, amma yaba kyauta tukuici.

A waɗancan shekarun ina koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare a Amurka. Intanet ba ta shigo ajujuwa ba tukuna. Abin da malami ke buƙata kwamfuta ce, da layin tarho, da modem, wato na'urar da ke haɗa su. Ka buga lambar Huntsville, modem ya yi ƙararsa, sai rubutu ya riƙa fitowa layi bayan layi, kana zaɓar abin da kake so da lamba: sanarwar hukumar, halin da kumbo ke ciki, darussan da aka tsara wa aji. Ba ku karɓi ko kwabo ba. Kuɗin kiran nesa kawai muke biya wa kamfanin waya, shi ya sa muke jira sai dare, lokacin da kira ya fi sauƙi.

Littafin karatu yakan tsufa tun kafin ya iso hannun ɗalibi. Namu ya ce duniyar Neptune wata biyu gare ta. A 1989 kumbon Voyager 2 ya isa kusa da ita, ya gano wasu shida. Da aka koma makaranta na shiga aji da takardar da na buga daga layinku, yara suka gyara littafinsu da hannunsu. Daga nan suka gane cewa kimiyya aiki ne da ake kan yi, kuma su ma da sauran wurinsu a ciki. Haka muka bi labarin na'urar hangen nesa ta Hubble, daga harba ta a Afrilun 1990, zuwa gano aibin madubinta, zuwa gyaran da 'yan sama jannati suka yi mata a Disambar 1993.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne amsa tambaya. Kafin ka kashe layi kana iya barin saƙo, in ka sake kira ka tarar wani ya zauna ya ba ka amsa. Tambayoyin yara ne nake turawa, wasu ma sukan ba manya dariya, amma ba a taɓa raina su ba.

Kuma kun yi wannan a lokaci mai nauyi. Ranar 28 ga Janairun 1986 kumbon Challenger ya tarwatse da mutum bakwai, cikinsu har da malama Christa McAuliffe, ɗalibai da yawa suna kallo a talabijin. Tsoro ya shiga ajujuwa, wasunmu suka rasa yadda za su sake ɗauko zancen. Shekara biyu bayan haka kuka miƙa wa malamai hannu, kuma a ƙarshen Satumbar 1988 kumbon Discovery ya tashi lafiya, ya dawo lafiya a farkon Oktoba.

Ga waɗanda suka riƙa shigar da rahotanni, da masu kula da na'urar dare da rana, da masu amsa saƙonninmu: na gode ƙwarai. Allah ya saka muku da alheri, ya yi wa zuri'arku albarka.

Naku,
Tsohon malamin kimiyya