Homon ɗin Tsirrai Ba Biyar Ba Ne Kaɗai

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Shirinku na kimiyya na daren Laraba ya ɓata mini rai matuƙa. Ta yaya baƙonku zai zauna gaban makirfo ya ce homon, wato sinadaran da ke kai saƙo a jikin tsiro, biyar ne kacal ke sarrafa girmansa, mai gabatarwa kuma ya amsa masa da "haka ne"? Wannan ai karatun da aka wuce ne tun tuni.

Ni malamin bayoloji ne. Washegari wata ɗalibata ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, a rediyo an ce biyar ne, me ya sa kake ƙara mana da feftayid?" Sauran suka mara mata baya, don maganar rediyo ta fi ta malami nauyi a kunnen yaro. A gardama darasin ranar ya ƙare, kuma ku kuka ja mini.

Feftayid guntayen furotin ne da su ma ke aiki a matsayin homon a jikin tsiro. Tun 1991 Clarence Ryan da abokan aikinsa a Amurka suka gano sistemin a ganyen tumatir, wani ɗan guntun furotin mai amino asid (tubalan ginin furotin) 18. Idan tsutsa ta ciji ganye, shi ke ankarar da tsiron ya haɗa sinadaran da ke lalata wa tsutsar narkewar abin da ta ci. Akwai kuma CLAVATA3, mai taka wa ƙwayoyin halittar kan toho birki. In ya yi rauni sai tohon ya kumbura. Wanda ya fi burge ni shi ne CEP, da masana a Japan suka bayyana aikinsa a 2014. Saiwar da ta rasa naitirojin, sinadarin da tsiro ke zuƙa daga ƙasa, a gefenta sai ta tura shi ta jijiyar ruwa har ganye. Can makarɓinsa ya kama shi a fatar ƙwayar halitta, kamar makulli da kwaɗonsa, sai ganyen ya mayar da saƙo ga saiwoyin ɗaya gefen su ƙara zuƙa. Tsiro ba baki ba ƙwaƙwalwa, amma saiwa na kai kuka ganye na amsawa! Wannan fa baƙonku ya share da kalma ɗaya.

 

Ina roƙon ku gyara wannan magana a shiri na gaba, a daidai lokacin da kuka faɗe ta, don ɗalibaina su ji da kunnensu.

Naku mai sauraro,
Wani malamin bayoloji