Faifan da aka tsinto daga darare da yawa ba ha'inci ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in tanka wata magana da ke yawo a tsakanin matasa masu sauraron waƙoƙin Japan na shekarun 1970 da 1980, waɗanda suka sake tashe tun da waƙar Plastic Love ta Mariya Takeuchi ta bazu a YouTube. Maganar ita ce, wai faifan da aka ce na wasan gaban jama'a ne, alhali daga wasanni daban-daban aka tattaro shi, yaudarar mai saye ce. Ban yarda ba, kuma faifan mijin Takeuchi, mawaƙi Tatsuro Yamashita, mai suna Joy, shi ne hujjata.

Faifan ya fito a watan Nuwamban 1989, CD biyu ne, kuma an zaɓo waƙoƙinsa daga wasannin da mawaƙin ya yi tsakanin 1981 da 1989. An haifi Yamashita a 1953, ke nan yana da shekara 28 a farkon ɗaukar, yana da 36 a ƙarshenta. Mutum ne da ba ya fitowa ya yi waƙa a talabijin, ba ya kuma son manyan filaye. Ya fi son zaure matsakaici irin Nakano Sunplaza na Tokiyo, mai kujeru dubu biyu da 'yan kai, wanda shi ne ma ya yi wasan ƙarshe a cikinsa kafin a rufe shi a watan Yulin 2023. Wanda bai samu tikiti ba a wancan zamani, faifan nan ne tagarsa.

Mai cewa an yi ha'inci yana ɗauka aikin tsintar ya fi na dare ɗaya sauƙi. Ai shi ya fi wahala nesa ba kusa ba.

A fara da ɗaukar kanta. Kowane makirufo da ke kan dandamali ana raba wayarsa biyu: reshe ɗaya ya tafi wurin mai sarrafa lasifikokin zaure, ɗaya ya tafi wurin na'urar ɗauka. A farkon shekarun 1980 na'urar da aka fi dogara da ita mai layi 24 ce, wato tana ɗaukar sauti 24 kowanne daban, tana amfani da tef mai faɗin inci biyu. Ganguna kaɗai kan cinye layi bakwai ko takwas. Sai jitar bas, jita, fiyano da sauran allunan kiɗa, masu busa, 'yan amshi, muryar mawaƙi, sannan aƙalla layi biyu na jama'a. Layin ba ya isa, dole a gwama wasu kayan a layi guda tun a daren, kuma abin da aka gwama ya gwamu ke nan, ba mai raba shi daga baya. Tef ɗin ma gajere ne. Naɗi guda mai ƙafa 2,500, idan yana tafiya inci 30 a daƙiƙa, minti 16 da daƙiƙa 40 yake yi. A rabin wannan gudu ya kai minti 33. Wasan Yamashita kuwa yakan kai awa uku. Shi ya sa masu wannan aiki ke ajiye na'ura biyu, a tayar da ta biyu kafin ta farko ta ƙare, don kada naɗi ya yanke a tsakiyar baiti.

Yanzu sai ka ɗauki darare na shekara takwas ka ce za ka jera su. Matsala ta farko ita ce zauren. Kowane gini da irin amonsa: ƙaramin kulob na ƙarƙashin ƙasa yana shanye sauti nan take, babban zaure kuwa amsa-kuwwarsa kan ja fiye da daƙiƙa guda. Idan aka ɗora waƙar wannan a bayan ta wancan ba gyara, kunne zai ji kamar an buɗe ƙofa an tura mutum wani ɗaki. Maganinsa shi ne a rage layin jama'a a waƙar babban zaure, a ƙara wa ta ƙaramin wuri ɗan amo na na'ura, har su kusanci juna. A yi hankali dai, in an cika hannu sai duk faifan ya koma kamar aikin situdiyo da aka yayyafa wa tafi.

Layin jama'ar nan shi ne ran faifan, shi ne kuma mai ɓata shi. Sauti na tafiya kimanin mita 340 a daƙiƙa. Makirufon da aka rataye mita 17 daga dandamali yana jin bugun ganga bayan kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa. In aka haɗa shi da makirufon da ke bakin gangar ba tare da an daidaita lokacinsu ba, bugu ɗaya sai ya zama biyu, kaurin bas ya zube. Amma ba a iya yar da shi. A wasannin Yamashita akwai al'ada: a waƙar Let's Dance Baby, idan ya zo wani baiti sananne, jama'a kan ja zaren 'yan ƙananan kwalayen biki masu fashewa, duk a tare, zaure ya ɗauki tas-tas. Wannan ƙarar ba ta cikin makirufon jita ko na fiyano. Wanda ya kashe layin jama'a don neman tsabta ya kashe abin da ya sa aka sayi faifan.

Sai mahaɗa tsakanin waƙa da waƙa. Tafin mutum ɗari uku ba ya kama da na dubu biyu. Na farko kana iya jin tafukan mutum ɗaya-ɗaya, na biyu kamar ruwan sama ne a kan kwano. Ana lulluɓe mahaɗar ne a janye tafin daren farko a hankali, na dare na biyu yana shigowa ƙarƙashinsa, cikin daƙiƙa uku zuwa biyar. A nan ake gane gwani. Idan wani a cikin jama'a ya yi fito a daidai wurin, aka yanke fiton rabi, asiri ya tonu.

Akwai kuma sauyin zamani. A tsakiyar shekarun nan ne situdiyoyin Japan suka koma na'urorin dijital irin Sony PCM-3324, kuma sananne ne cewa Yamashita ya sha fama da wannan sauyi lokacin aikin faifansa na Pocket Music a 1986. Tef na da yana da ɗan huci a ƙasa, yana kuma tausasa sauti mai ƙarfi. Dijital ba huci, amma in sauti ya haura iyaka sai ya tsage, tsagewar da ba ta ɗinkuwa. Tsohon tef yana da nasa sharuɗɗan: ba a fara aiki da shi sai an saita na'ura da sautin gwajin da ke farkon naɗi, domin kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari a gudu yana karkatar da muryar har mai kunne ya ji. Wasu tef ɗin ma in sun daɗe a ajiye sai su sha danshi su yi danƙo, dole a gasa su a zafi kimanin digiri 50 zuwa 55 a ma'aunin Celsius na awoyi kafin su juyu lafiya.

To ina ha'incin yake, in akwai shi? Yana wuri biyu. Na ɗaya, a koma situdiyo a sake rera muryar a ɗora, a yi shiru. Wannan ma yakan tona kansa, domin tsohuwar muryar ta riga ta shiga makirufon ganguna da na jama'a, sai ka ji inuwarta a bayan sabuwar. Na biyu, a sayar da faifan da sunan wasan dare ɗaya. Abin da ya kamata mai saye ya nema shi ne a rubuta masa, a gaban kowace waƙa, ranar da aka ɗauke ta da zauren da sunayen makaɗan. In an yi haka, ya samu abin da dare ɗaya ba zai ba shi ba: zai ji yadda Jun Aoyama a kan ganguna da Koki Ito a kan bas suka yi shekaru suna riƙe wa mawaƙin ƙugu, ya kuma ji murya guda tana girma.

Roƙona ga masu rubuta shafin nishaɗi, duk lokacin da za su yi sharhin irin wannan faifai, su buɗe ɗan littafin da ke cikin kwalin su gaya wa mai karatu shekarar kowace waƙa kafin su yanke hukunci.

Na gode da ba ni fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Mai karatu