Wasiƙa daga Damagaram kan ciwon da ya ɗauke Gwaggo

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, na rubuto ne domin in amsa tambayar da ka yi mini ranar da ka kira ta'aziyyar Gwaggo, wato me ya sa ciwon ya dawo bayan an ce magani ya karɓe ta.

Ka san yadda abin ya faro. Wata da watanni tana kukan kumburin ciki, loma uku sai ta ture akushi ta ce ta ƙoshi, mu kuwa muna ta ɗora laifi a kan gyambon ciki, har zanenta ya daina kai mata ɗauri. Kafin a gane sankarar ƙwan mace ce, ruwa ya riga ya taru a cikin, aka kama hanyar Yamai, tafiyar kusan kilomita 900. An yi tiyata, an sa mata magungunan sankara carboplatin da paclitaxel ta jijiya, awon jini na CA-125, wanda ake bibiyar ciwon da shi, ya sauka, muka yi hamdala. Ba a rufa shekara ba ya sake hawa.

Tun daga lokacin nake bibiyar binciken masana, kuma hankalina ya fi tsayawa a kan wani furotin mai suna FOXM1. Yana cikin furotin masu kunna ƙwayoyin gado: shi ke zama a kan DNA ya ba da umarnin a karanta wasu sassa, musamman waɗanda ke sa ƙwayar halitta ta rabu biyu, irin su cyclin B1 da PLK1. A lafiyayyen jiki akwai mai riƙe masa linzami, wato wani furotin mai suna p53, wanda ke tsayar da rabuwa idan DNA ta samu lahani. A shekarar 2011 masu shirin The Cancer Genome Atlas na Amurka suka fitar da sakamakon nazarin ƙari 489 na nau'in sankarar ƙwan mace da ya fi kisa, suka tarar kashi 96 cikin 100 na guda 316 da aka karanta DNA ɗinsu suna da lalataccen p53, kuma suka nuna hannun FOXM1 a cikin ciwon.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne alaƙarsa da magani. Carboplatin yana kashe ƙari ne ta hanyar lalata masa DNA, FOXM1 kuwa yana kunna sassan da ke gyara wannan ɓarna, sai ƙwayoyin da suka tsira su farfaɗo su ci gaba da yaɗuwa. Shi ya sa ake ganin matan da ƙarinsu ke ɗauke da shi da yawa sun fi saurin komawa jinya, kwanansu kuma ya fi gajarta. Ba a auna shi a jikin Gwaggo ba, amma a ganina awo irin wannan zai taimaki likita ya san wadda ya kamata ya fi sa wa ido, ya kuma faɗa wa dangi gaskiya tun da wuri.

Ina roƙonka ka gaya wa maiɗakinka da ƙannenka mata cewa kumburin ciki da saurin ƙoshi, idan sun ɗauki makonni ba su lafa ba, a je a yi hoton ciki. 'Ya'yan Gwaggo mata biyu na Zango sun riga sun yi nasu.

Allah ya jiƙanta. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka amini,
daga Birni, Damagaram