Feshi Ba Ya Warkar da Cutar Bairos a Gona

Ya Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi bayani a kan wani abu da ke cinye kuɗin manomanmu a banza. A daminar bara na tsaya a gonar shinkafar wani dattijo a fadama, na tarar ganyen ya yi rawaya, tsiron ya tsumbure, shi kuwa ya riga ya yi feshi har sau uku. Raina bai so ba, amma dole na gaya masa cewa babu maganin feshin da zai warkar da shinkafar da bairos ya riga ya shiga.

Dalili kuwa shi ne, wannan ƙwayar cuta ɗan zaren RNA ce kawai, wato zaren da ke ɗauke da rubutun umarnin yadda za a ƙera furotin, a cikin kwanson furotin, kuma ba ta iya ƙera komai da kanta, sai ta shiga cikin ƙwayar halittar tsiro ta ari kayan aikinsa, shi ya sa feshi ba ya raba ta da tsiron. Saƙonnin da tsiro yake aika wa ribozom, wato injin da ke harhaɗa furotin, kowanne yana ɗauke da wata alama a kansa kamar hula, wadda da ita ake gane shi. Zaren bairos mai rawayar da ganyen shinkafa ba shi da wannan hula, sai wani ɗan furotin mai suna VPg da ke manne a kansa, wanda yake kama ɗaya daga cikin furotin na tsiron masu kiran ribozom, ya karkatar da aikin zuwa ga kansa. Dangin bairos mai kawo kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, kuma wadda ta lalata gyaɗar Arewa a 1975, dabararsu ta fi ba ni mamaki: wutsiyar zaren ce take naɗewa ta kama waɗannan furotin na tsiron masu kiran ribozom, sannan ta lanƙwaso ta miƙa su ga kai. Wani lokaci ma zaren yakan sa ribozom ya zame baya da harafi ɗaya, sai a sami furotin na biyu daga rubutu guda.

Wannan ilimi ba na ɗakin bincike kaɗai ba ne. A 2006 masana suka gano cewa shinkafar Gigante, da wasu irin shinkafarmu ta Afirka, suna jure cutar ne saboda ɗan bambanci a wannan furotin da VPg ke kamawa, har ya zama VPg ɗin bai sami inda zai kama ba. Sai dai bairos ɗin yakan sauya VPg ɗinsa ya sake samun hanya, shi ya sa aikin fitar da iri ba ya ƙarewa.

Ina fatan jaridarku za ta ziyarci Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, inda aka fitar da irin gyaɗar SAMNUT masu jure kuturta, ku gaya wa manoma da Hausa inda za su sami irin kafin ruwa ya sauka.

Naka,
Wani malamin gona daga Kano