Dodannin da ke bin ƙofar Nether a Minecraft

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah ka ba ni fili in ja kunnen 'yan wasan bidiyo na Minecraft, masu gina ƙofar Nether (wata duniya ta wuta da ke cikin wasan) su barta haka fayau a tsakar gida, sai ka dawo daga gona ka tarar zombified piglin, dodanni masu kama da alade da ke fitowa ta ƙofar, na yawo cikin tumakinka, kuma ka kuskura ka doki ɗaya duk sauran su taso maka. Ku kewaye ta da shinge, ku sa ƙyaure. Can ɓangaren Nether kuwa da cobblestone, wato tubalin dutse, za ku rufe ta ruf, shi ne wutar ghast, dodo mai shawagi yana harbo wuta, ba ta fasawa, in ba haka ba harbi ɗaya ƙofar ta mutu. Ƙyastu dai kada ya bar aljihu, don da shi ake sake kunna ta.

Naku,
Wani mai karatu