Kuɗin da muke tarawa a ƙofar masallaci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in amayar da abin da ya daɗe yana cin raina. Ni tsohon malamin asibiti ne, na yi shekara 35 a ƙananan asibitocin karkara da na cikin gari kafin in ajiye aiki. Yanzu kuma jama'ar unguwarmu a Tudun Wada sun ɗora mini ajiyar kuɗin masallaci, wai don sun ga ba ni da abin yi. To, wannan aiki na biyu ya nuna mini abin da na farkon bai nuna mini ba.

Da wuya mako ya wuce ba a samu wanda ya miƙe bayan an sallame Magariba ba, riƙe da takardar asibiti da ta sha ninki har ta fara yagewa. Wannan matarsa ce za a yi wa aiki a ciro jariri, wancan mahaifiyarsa ce ke kwance, an ce sai an ajiye kuɗi kafin a taɓa ta. Sai ladan ya shimfiɗa hula, kowa ya jefa abin da Allah ya hore. Ni ke ƙirgawa, ni ke rubutawa a littafi, saboda haka na san abin da ake tarawa, na kuma san sau nawa ba ya kaiwa ko rabin abin da ke jikin takardar.

Wanda ya fi tsaya mini a rai maƙwabcina ne, mai Keke Napep, bai kai shekara 45 ba, da 'ya'ya shida. Ya yi shekaru yana fama da ciwon kai. In ya tashi masa sai ya tsaya a kemis ya sayi ƙwaya biyu, ya kora da lemon kwalba mai sanyi, ya koma kan titi. Ranar da ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga aka kai shi asibiti, likita ya ce hawan jini ya riga ya cinye ƙodojin. Aka shiga wankin ƙoda sau biyu a mako, kowane zama dubun-dubatar naira. Aka sayar da keken da ake ci da shi, aka sayar da keken ɗinkin matarsa, aka sayar da ɗan filin da ya saya a bayan Rigasa yana burin ya daina biyan haya. Sau uku muna yi masa karo-karo a masallaci. A wata na biyar Allah Ya karɓi abinsa, Allah Ya jiƙansa.

Kwana ya ƙare, wannan babu ja. Amma akwai abin da ban yafe wa kaina ba. Ina da na'urar awon jini a cikin durowar ɗakina. Bawan Allahn nan ya sha ɗauka ta zuwa Kasuwar Barci, ya ƙi karɓar kuɗina, yana cewa "Haba Baba, ai ba a haka." Ya sha faɗa mini ciwon kan nan. Ban taɓa cewa miƙo hannunka in gani ba. Minti biyu ne aikin. Maganin hawan jini na wata guda kuwa bai kai kuɗin ƙaramin buhun gawayi ba a lokacin.

Malam Edita, idan aka yi maganar inshorar lafiya sai mutanenmu su ce ina talaka ya ga kuɗin da zai riƙa zubawa alhali lafiyarsa lau. Littafin da ke hannuna ya ƙaryata wannan magana. Muna biya, kuma da tsada muke biya. Abin da kawai ya faru shi ne muna biya a makare, lokacin da ciwo ya ci ƙarfin mutum, kuɗin ya ninka sau ɗari, amfaninsa kuma ya ragu. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin ɗari na duk abin da ake kashewa a neman lafiya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fitowa kai tsaye, a bakin tagar biyan kuɗi. Ƙasashe kaɗan ne a duniya suka kai mu a wannan.

Bari in ɗauko misali daga ƙasar da kowace uwargida ta san sunanta a jikin buhun shinkafa, wato Tailan. A 1997 tattalin arzikinsu ya durƙushe, kuɗinsu ya faɗi warwas. Ba su gama farfaɗowa ba suka fara, a 2001, abin da ake kira shirin bat 30: ka je asibiti, ka biya bat 30 na kuɗin ƙasarsu, abin da bai kai dala ɗaya ba, a duba ka a ba ka magani, ko da kwanciya ce ko tiyata. A 2002 suka mayar da shi doka ya game ƙasar, ya ɗauke kusan kashi uku cikin huɗu na jama'a, wato manoma da 'yan tireda da masu aikin hannu, irin waɗanda ba su da albashin da za a cire wani abu a ciki. Daga harajin ƙasa ake biya, ana ba kowane asibiti kuɗi gwargwadon yawan mutanen da aka yi wa rajista a ƙarƙashinsa. A 2008 suka shigar da wankin ƙoda. Da maƙwabcina can aka haife shi, da kekensa na nan.

Amma ba wannan ne ya fi burge ni ba, don ni ma'aikacin ƙaramin asibiti ne, idona kan tushe yake zuwa. Shekaru da yawa kafin dokar, sun tilasta wa sababbin likitoci yin shekara uku a karkara, sun rage gina manyan asibitocin birni suka cika gundumomi da ƙanana. Suna da 'yan sa-kai na lafiya kusan miliyan ɗaya a ƙauyuka, kowanne da 'yan gidajen da yake kula da su, ya san wace ce mai ciki, wane tsoho ne ya daina shan maganinsa. Sannan a 2001 suka kafa wata gidauniya ta musamman don hana ciwo tun bai zo ba, suka ɗora ƙarin kashi 2 cikin ɗari a kan harajin taba da giya, kuɗin ya riƙa tafiya asusunta kai tsaye ba tare da ya bi ta hannun masu rabon kasafi ba. Da shi ake yaƙi da shan taba, da tuƙin ganganci, da zaman da babu motsa jiki. Mai sayar da abin da ke kawo ciwo shi ke biyan kuɗin gargaɗi a kansa. Ba na cewa ba su da matsala, asibitocinsu na kukan cunkoso da ƙarancin kuɗi, amma kukan wanda ya ƙoshi daban yake.

Ka lura da shekarar, 2001. A watan Afrilun wannan shekarar ce shugabannin Afirka suka taru a Abuja, a gidanmu, suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi. Gwamnatin tarayya har yau tana yawo ne a wajen kashi 5.

A takarda ba a bar mu a baya ba. An yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, aka fara aiki da ita a 2005, sai dai ta tsaya kusan kacokan a kan ma'aikatan gwamnatin tarayya. Dokar lafiya ta 2014 ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don ƙananan asibitoci da marasa galihu. A watan Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta wajabta inshorar a kan kowane ɗan ƙasa. A nan Kaduna muna da hukumar taimakekeniyar lafiya, KADCHMA, tun 2018, ga kuma shirin nan na gyara ƙaramin asibiti ɗaya a kowace mazaɓa cikin 255 da ke jihar. Har harajin naira 10 aka sa a kan kowace litar lemo mai zaƙi a dokar kuɗi ta 2021. Da na ji labarinsa na ce to, mun kama hanyar mutanen Tailan. Sai dai nasu an ɗaure shi da igiya a turken lafiya, namu kuwa an sake shi cikin babban garke. Ina son wanda zai nuna mini na'urar awon jini guda ɗaya, ya ce wannan da kuɗin lemo aka saya.

Na tambayi mutanen sahun gaba a masallacinmu ko akwai mai katin taimakekeniya. Mutum biyu suka amsa, dukansu ma'aikatan gwamnati. Sauran wasu ba su taɓa jin labari ba. Wani dattijo ya ce shi ba zai sayi ciwo da kuɗinsa ba, tanadin jinya kiran jinya ne. Wani ya kawo maganar halacci, liman ya amsa masa da cewa abin da muke yi da hular ladan shi ne dai wannan, bambancin kawai a tara kafin ko a tara bayan. Amma wanda ya fi ba ni amsa mai nauyi wani tela ne. Ya ce, "Malam, in na zuba kuɗina shekara guda, ranar da na kai yarona aka ce babu magani, je ka saya a waje, wa zan kama?" Na yi shiru, domin da hannuna na sha rubuta irin wannan takarda a wuraren da na yi aiki, ina kallon uwa tana kwance bakin zani tana ƙirga canji. Duk tallan rediyon duniya ba zai sa telan nan ya yi rajista ba. Abin da zai sa shi shi ne ya ga maƙwabcinsa ya shiga da kati ya fito da magani.

Ga shawarata ga masu iko, kuma ba sabon abu nake nema ba. Mun ga matan nan masu allurar shan inna, da 'yar kularsu da alli, suna bin gida-gida, lungu-lungu, har cikin ruwan sama, sai da aka tabbatar a watan Agustan 2020 cewa an raba Afirka da asalin ƙwayar cutar. Sun san kowane zaure, matan gida sun saba da su. A ba su na'urar awon jini da ta sukari, a biya su haƙƙinsu a kan lokaci, su riƙa yi wa mutane rajistar taimakekeniya a tsakar gida. A bar ƙungiyoyin 'yan Keke da teloli da 'yan kasuwa su riƙa karɓar kuɗin kaɗan-kaɗan kamar adashi, tunda mai neman na yau ba ya iya fitar da na shekara a dunƙule. 'Yan majalisarmu kuma da ke Abuja su ɗaure harajin lemon nan a inda ya dace.

Ni dai tun bayan rasuwar maƙwabcina na fito da na'urar daga durowa. Kowace Juma'a bayan La'asar nakan ajiye benci a ƙofar masallaci. Ranar farko mutum 23 suka miƙo hannu, 9 jininsu ya hau, kuma 2 kaɗai a ciki suka san da haka. Ɗaya har ya yi mini gardama cewa na'urar ce ta lalace, sai da na auna liman a gabansa. Na rubuta musu takarda zuwa ƙaramin asibitin mazaɓarmu. Matan unguwa sun aiko suna tambayar yaushe za a zo kansu, ina neman wata tsohuwar abokiyar aiki da za ta shiga gidajen. Kwamiti ya yarda a riƙa sayen batir daga kuɗin hula.

Naku,
Tsohon malamin asibiti,
Tudun Wada, Kaduna.